Autan Baba da Iskar Farkon Damina

Ni ce auta a gidanmu, har ranar da Baba ya shigo da wani abu a cikin kwando. Shekarata biyar a lokacin. Na zaci zomo aka ba shi, na ruga na ɗaga murfin, sai ga idanu biyu manya a cikin tarin gashi suna kallona. Kare ne, amma irin wanda ba mu taɓa gani a unguwarmu ta Gangaren Tudu ba. Bai fi kyanwa girma ba, ƙafafunsa gajeru, gashi ya rufe masa fuska har sai ka duba da kyau kafin ka gane ina gaba ina baya.

Baba kuku ne. Ya daɗe yana dafa wa wani Bature malamin makaranta abinci. Da aka ba ƙasa mulkin kai, Turawa suka fara ɗaure kayansu ɗaya bayan ɗaya, shi ma nasa ubangidan ya tashi. Ya raba wa ma'aikatan gida abin da ba zai tafi da shi ba, Baba kuwa kare ne rabonsa. Baturen ya riƙe hannunsa ya ce ya kula masa da shi, Baba ya ce to. Shi kuma Baba in ya ce to, magana ta ƙare.

Inna na bakin murhu lokacin da ya ajiye kwandon. Ta leƙa sau ɗaya ta ja da baya.

“Malam, mene ne wannan?”

“Amana ce.”

“Amana mai wutsiya? Mai gadi an ba shi keke, mai wanki an ba shi dutsen guga, kai da ka ƙone hannunka shekara da shekaru aka sallame ka da najasa?”

“Ai ba a ba mai gadi abin da ke numfashi ba,” in ji Baba, yana shafa kan karen.

Sun kwana biyu suna ja. Da Inna ta ga ba za ta ci nasara ba, sai ta kafa dokoki. Kare zai zauna a tsakar gida da zaure, amma ba zai tsallaka dokin ƙofar ɗakinta ba, don mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da kare yake. Kwanonsa daban. Duk abin da ya sa wa baki, a wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa, kuma ba ita za ta wanke ba. Ni aka ɗora wa wankin, ni da ba a tambaye ni ba.

Sunan da Baturen ya sa masa ya ƙi bakinmu. 'Yan unguwa ne suka fara ce masa Autan Baba don su tsokane ni, kuma tsokanar ta kama ni sosai. Na tsani karen nan, ba zan ɓoye ba. Ba ya farauta, ba ya gadi, ko ɓera ya gani sai ya kauce masa. Hausa ma ba ya ji. Sai Baba ya yi masa Turancin kicin, ya ce “Kam,” ya taho da gudu, ya ce “Sidan,” ya zauna yana kaɗa jela. Baba yakan tsame masa nama kafin a sa barkono, ya taje masa gashi da matajin da Baturen ya bari. Ni kuwa in kaina ya tsufa, sai dai a tura ni gidan makitsiya in sha zafi. In Baba ya juya baya nakan murɗe masa kunne, shi kuma sakaran sai ya biyo ni yana lasar ƙafata.

Abu ɗaya ya iya a duniya, shi ne tsoron hadari. Tun rana na dukan ƙasa, babu ko ɗigon gajimare, za ka ga ya fara kakkarwa, harshe a waje, yana zagaya tsakar gida yana neman wurin shiga. Inna, duk ƙin da take masa, in ta ga haka sai ta tashi ta kwashe shanya. In tsawa ta fara, hankalinsa gushewa yake. Ya taɓa kutsawa cikin tulu, ya taɓa fita titi a guje sai washegari aka tsinto shi a Angwan Iya. Daga nan Baba ya samo dabara. Da zarar hadari ya haɗo, sai ya cusa shi cikin rigarsa, ya zauna a zaure, ya rufe masa kunnuwa da tafin hannu har ruwa ya ɗauke. Masu fakewa a zauren su yi ta dariya, Baba ko a jikinsa.

Haka muka yi shekara tara. Yayyena duk suka watse, masu aure suka yi, masu neman aiki suka tafi, gida ya rage daga ni sai Inna sai Baba sai karen, wanda zuwa lokacin ya tsufa, gashin bakinsa ya yi fari, ido ɗaya ya fara hakiya.

A shekarun nan ne kuɗin mai suka fara zagayawa. Ko'ina ka duba ana fasa hanya, ana gini. Baba ya sami aikin kuku a sansanin wasu masu yin titi ta wajen Agwada, sai bayan sati biyu yake zuwa gida. Abin da ya fara yi da albashinsa shi ne cire jinkar ɗakin Inna ya sa kwano. Ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki irin na ranar ba. Tun tana amarya take tara ƙwarya da tasa a ƙarƙashin yoyo duk damina. Ranar da kafinta ya sauko, ta tsaya a tsakar gida tana kallon rufin yana walƙiya a rana, tana kiran maƙwabta su zo su gani kamar an yi mata haihuwa.

Sai dai kwanon lokacin da sauri ake buga shi. Kafintoci sun yi kaɗan, masu son rufi sun yi yawa, katakon ma ɗora shi kawai ake yi a kan ginin ƙasa a liƙe da laka. Iskar farkon damina kuwa a Keffi ba ta da wasa. Kowace shekara sai ta kwashe wa wasu rufi ta kai gonar wani. Saboda haka mutane suka koma ɗaura igiya a jikin katakon ta cikin ɗaki, a bar ta tana reto. In iska ta taso, duk wanda ke gida ya kama igiya ya rataya nauyinsa har ta wuce. Baba ya ɗaura guda biyu a ɗakin Inna, masu kauri, na rama.

Ba a yarda ya tafi da kare sansanin ba. Ranar da zai fara tafiya ya kira ni zaure, ya ɗora mini shi a cinya.

“Auta, ga amanata na bar miki. Kin ga ya tsufa, zuciyarsa ba za ta ɗauki firgita ba. In hadari ya taso ki sa shi a jikinki ki zauna nan. Ba ya neman komai, ɗumin mutum kawai yake so.”

Na ce to. Shekarata goma sha huɗu, kuma a rayuwata Baba bai taɓa ba ni ajiyar wani abu mai daraja a wurinsa ba sai ranar. Duk ƙin da nake wa karen, sai na ji kaina ya yi girma.

Ruwan farko da na biyu na yi yadda ya ce. Na naɗe shi a zanena na zauna a zaure ina tsaki. Amma da na ji yadda zuciyarsa ke bugawa a jikin cikina, da sauri da sauri, da yadda yake tura kansa hammatata duk lokacin da aka yi tsawa, sai tsakin ya ƙare. A nan na fara tausayinsa. Na tuna shi ma an bar shi a garin da ba ya jin maganar kowa, kuma mutum ɗaya da ke jin tasa ya tafi.

Na ukun shi ne babban. Tun azahar karen yake kakkarwa, ya ƙi ci ya ƙi sha. Gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi, zafi kamar a bakin murhu. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, sai ja ya biyo ta ƙasa. Muka kora kaji akurki muka toshe ƙofar da dutse yadda aka saba, muka shigar da itace da turmi. Na ɗauki karen na nufi zaure. Ban ma zauna ba iskar ta iso. Na ga tabarmar da aka manta a kan katanga ta tashi sama ta ɓace, reshen mangwaron gidanmu ya karye ya faɗo, sai na ji muryar Inna.

“Auta! Zo ki kama igiya! Auta!”

Na leƙa. Gefen rufin ɗakinta yana ɗagawa yana komawa, kusoshi na ƙara. Ga kare a hannuna. Ɗakin Inna ba ya shiga, wannan ko tunaninsa ban yi ba, don tun ina shekara biyar dokar ta zauna mini a kai. Zaure ba shi da ƙyaure, in na ajiye shi zai fita titi. Sai idona ya faɗa kan tsohon akurkin da ke gindin katanga, wanda kaji suka daina kwana a ciki. Na ce yauwa. Abin da ake wa kaza ai shi za a yi masa. Na ruga na tura shi ciki, ya turje, na ƙara turawa, na mirgino dutse na toshe ƙofar. Har na ji daɗin dabarata, wai na tsare amana na kuma amsa kiran uwata.

Abin da ban tuna ba shi ne dalilin da kaji suka bar akurkin. A kwari yake, dab da rariyar da ruwan gida ke fita. Gidanmu kuma a gangare yake, duk ruwan da ya sauko daga tudu ta wurinmu yake bi.

Na shiga ɗaki na kama igiya ɗaya, Inna na riƙe da ɗaya. Ban taɓa sanin iska na da hannu ba sai ranar. In ta ɗaga rufin sai in ji dugadugaina sun bar ƙasa, in ta saki mu dawo. Igiyar ta saɓule mini fatar hannu. Ruwa ya sauko har da ƙanƙara, a kan kwano kuwa ƙarar ba a jin maganar na kusa. Can a tsakankanin tsawa nakan jiyo mazan unguwa suna kiran salla don Allah Ya kwantar da iskar, wannan ya ɗauka wancan ya karɓa. Inna bakinta na motsi, idonta na kan rufinta.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Sanyi na ji a ƙafata, na duba, ruwa ya tsallako dokin ƙofa yana malala cikin ɗaki. Ganyen mangwaro ya toshe rariya, tsakar gida ta cika. Inna ma ta gani. Ta matso da bakinta kusa da kunnena.

“Ina abin babanki? Yana zaure?”

“Yana akurki.”

“Wanne?”

“Na gindin katanga.”

Ta dubi ruwan, ta dube ni.

“Kin toshe?”

“Da dutse.”

Sai da na faɗa da bakina na gane abin da na yi. Na saki igiya na yi ƙofa. Inna ta fizgo ni da hannu ɗaya har na faɗi.

“Ina za ki? Kwanon mutane na yawo a tsakar gida, so kike ya raba ki biyu? Shiga ƙarƙashin gado!”

“Inna, zai mutu! Baba ya ce...”

“Na ji abin da ya ce. Shiga!”

Ta ɗaga kai ta dubi rufin sau ɗaya. Sannan ta saki igiyar. Ta ɗauki babban akushin tuwo ta kifa a kanta, ta fita.

Ban shiga ƙarƙashin gado ba, a bakin ƙofa na durƙusa ina kallo. Ruwa ya kai mata ƙwauri, iska na tura ta gefe tana dafa bango. Da ta isa, ƙofar akurkin ta kusa nutsewa. Ta durƙusa cikin ruwan, ta ture dutsen, ta zura hannu har kafaɗa. Bai fito ba, ya maƙale a can ƙurya. Sai na ji Inna, wadda ba ta taɓa furta kalmar Turanci ba, tana ihu cikin ramin.

“Kam! Kam mana, ɗan banza! Kam!”

Ko ya ji ko hannunta ne ya kai, ban sani ba. Ta jawo shi ta ƙeya, jiƙe sharkaf, ya zama ɗan mitsitsi kamar tsumma, ba ya motsi. Akushin ya riga ya tafi. Tana buƙatar hannu biyu ta dafa bango, don haka ta yi abin da jikinta ya saba. Ta wurga shi a bayanta, ta kwance zanen sama ta goya shi, ta ɗaure a ƙirji.

Daidai lokacin rufin ya tafi. Na ji wata ƙara a kaina, haske ya shigo ɗakin, na ɗaga ido na ga sama. Rabin kwanon ya ɓare ya naɗe, ya tsallake katanga da igiyoyinsa suna binsa. Ruwa ya sauka a kan gadon Inna da jerenta da buhun dawarmu. Ta miƙo hannu ta kama ni muka lallaɓa zuwa zaure, wanda yake tsohon soro ne, iska ba ta iya masa komai.

A zauren ta tsaya, ba ta sauke shi ba. Tana ta jijjiga shi tana bubbuga shi ta baya da hannu, ina jin ba ta ma san tana yi ba. Ni kuwa kuka nake, ina cewa na kashe shi, na kashe shi. Can sai muka ji tari daga bayanta. Ya amayar da ruwa a kafaɗarta, ya yi atishawa, ya fara wannan kakkarwar tasa da na saba tsana. Ban taɓa murnar ganin abu na kakkarwa ba sai ranar.

Kafin magariba iska ta kwanta. Inna ta kwance goyon ta miƙo mini shi ba tare da ta dube shi ba. Ta yi wanka, ta wanke zanen sau bakwai har da ƙasa, ta yi salla. Sannan ta je ta tsaya a ɗakinta da babu rufi, ta daɗe tana kallon kayanta a cikin laka. Na ga ta share ido da bayan hannu. Da ta fito ta kama kunnena.

“In kika faɗa wa wani na goyi kare, sai na yanke miki harshe. Ko babanki. Musamman ma babanki.”

Baba ya iso a rana ta uku, labarin ɓarnar ya kai musu sansani. Ya shigo ya ga ɗakin a buɗe, ya yi salati, amma ina ganin idonsa na yawo a tsakar gida. Sai ga karen ya fito daga zaure yana ɗingishi. Baba ya tsuguna ya ɗauke shi.

“Wa ya riƙe shi a wannan iska?”

Na buɗe baki, Inna ta riga ni.

“'Yarka mana. Wa zai taɓa wannan abin in ba ita ba? Ni ina can ina fama da igiya ni kaɗai har ta fi ƙarfina.”

Baba ya ɗora hannu a kaina. “Na san ba za ki ba ni kunya ba,” ya ce.

Na haɗiye maganata, kuma ta zauna mini a wuya shekaru. Kwanon da aka tsinto a bayan gari ya lanƙwashe ba ya gyaruwa, Inna ta koma jinka da tara ƙwarya har damina biyu, ba ta taɓa yi mini gori ba. Karen ya ƙara shekara biyu ya mutu don tsufa, a cinyar Baba. Shi kuma Baba bai gaji da ba da labarin ba. Duk baƙon da ya zo sai ya ji yadda autarsa ta zauna a zaure da kare a jikinta gari na rushewa. Har ranar da dangin mijina suka zo neman aurena sai da ya faɗa musu, ya ce ga irin 'yar da zai ba su. Ya rasu bai san komai ba.

Ni kuma duk tsawon lokacin nan na ɗauka kunya ce ta sa Inna ta rufe mini baki. Mace mai salla da tsarki, a ce an gan ta da kare a baya, ai 'yan unguwa sun sami abin faɗa har jikoki. Har haushinta na riƙa ji a ɓoye, don gani nake saboda kunyarta ta bar ni da ƙarya a baki.

Bayan rasuwar Baba ta dawo gidana da zama, ta tsufa ƙwarai. Wata rana da yamma ana ruwa, muna zaune ina tsince shinkafa, sai tsokana ta taso mini.

“Inna, yanzu dai ai sai ki bar ni in ba da labarin goyonki. Masu yi miki dariya duk sun mutu.”

Ta dube ni kamar na yi maganar wauta.

“Dariyar wa? Ni da na goyi 'ya'ya bakwai, har da masu zawo, kare ne zai ba ni kunya?”

“To me ya sa kika hana ni faɗa?”

“Ke har yanzu ba ki da wayo. In na ce ni na ɗauko shi, ba sai ya tambaya daga ina ba? In na ce daga akurki, ba sai ya tambaya wa ya sa shi ba?” Ta gyara mayafinta. “Mutumin nan sau ɗaya ya ba ki ajiya. Rufi ai an sake wani. Da ya daina kallonki yadda yake kallonki, a ina zan samo miki wani uban?”

Na ajiye faifan na fita waje na tsaya a cikin ruwan. Ina jin ta daga ciki tana kira, wai in dawo kada mura ta kama ni.